Lasin Direba Ma Kayan Aikin Gona Ne

In aka ce wa manomi a ƙasar Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ya lasafta kayan aikinsa, zai ce fartanya, da garma, da shanun huɗa, da lauje, da famfon feshi. Ba zai ambaci ɗan katin nan da ke cikin aljihun direba ba, gama shi bai taɓa riƙe shi ba, watakila ma bai taɓa ganinsa ba. Amma kuwa masarar da ya noma ba ta zama kuɗi sai ta hau mota, mota kuma ba ta hawa titi bisa doka sai da mai lasin riƙe da sitiyari. Saboda haka ran da direban ƙauye ya rasa lasinsa, ba shi kaɗai aka tsayar ba.

Waɗannan ƙasashe uku suna kudancin Jihar Katsina, inda damina ta fi tsawo, ƙasa kuma ta fi albarka. Masara, da dawa, da waken suya, da auduga, da shinkafa, da barkono, duk ana nomansu. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari, aka kuma girka injin gurzar auduga a Funtuwa. A wancan zamani jakuna da takarkarai su ke kai kaya, sa'an nan jirgin ƙasa ya ɗauka daga Funtuwa, a kan hanyar dogon da ta tashi daga Zariya ta isa Ƙauran Namoda cikin 1929. Yau jakuna sun yi ƙaranci, jirgi kuma manomi ya daɗe da fid da rai gare shi. Abin da ya rage sai taya. Amalanke ko babur ya fito da buhu daga gona zuwa gari, a-kori-kura ko Kanta ta kai shi kasuwar Ɗandume, ko Sheme, ko Ƙanƙara, ko Funtuwa, daga can tirela ta kwashe zuwa Dawanau ta Kano, ko zuwa Kudu inda masu haɗa abincin kaji ke jiransa. In aka fid da mai amalanke, duk sauran nan doka ta ce sai sun riƙe lasin.

Lasin kuwa aji-aji ne, kowane aji da harafinsa. Aji A na babur ne. Aji B na ƙaramar motar gida ne, wadda ba ta haya. Motocin haya da na kaya suna da nasu daban. Aji G na tirela ne, aji F kuwa na tarakta da sauran injunan noma, abin da masu huɗa da tarakta da dama ba su sani ba ke nan. Mai lasin aji B in ya hau Kanta ya ɗauko buhunan haya, ya yi aikin da katinsa bai ba shi izni ba. Ba a ba mutum lasin sai ya cika shekara 18, na haya kuwa ƙa'idojin hanya na 2012 sun ce sai ya kai 26.

Ofis uku ke da hannu cikin bayar da shi. Jami'an duba lafiyar mota, watau VIO, su ke jarraba mutum. Hukumar tara kuɗin shiga ta Jiha ita ke da harkar kuɗin. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, wadda aka kafa cikin 1988, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu, ta buga katin, ta kuma ajiye sunan mai shi cikin kwamfuta. Wa'adinsa shekara 3 ne ko 5. A farashin da aka yanka cikin watan Yuni na 2025, na mota Naira 15,000 ne na shekara 3, Naira 21,000 na shekara 5. Na babur da Keke Napep kuwa Naira 7,000 da Naira 11,000.

Yadda a ke rasa shi

Akwai rashin da ba shi da ko hayaniya, shi ne ƙarewar wa'adi. Direba ya sa kati cikin aljihu shekara uku, bai sake duba ranar da ke rubuce a jiki ba, sai ran da aka tsayar da shi da lodin masara cikin Oktoba a ke karanta masa ita. Akwai kuma jabu. Wani ya karɓi kuɗi da hoto a tasha, bayan kwana biyu ya kawo kati mai sheƙi, alhali sunan ba ya cikin kwamfutar kowa. Duk lasin farko da aka samu ba tare da mutum ya je da ƙafarsa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa ba, to, ba lasin ba ne. Akwai na ido, gama gwajin gani yana cikin sharuɗɗan, dattijon direba kuwa yana ta kan rufe masa ido a hankali bai farga ba.

Amma wanda ya fi dacewa manoma su fahimta shi ne na maki. Bisa jadawalin dokar hukumar ta 2007, kowane laifi yana da tararsa da makinsa. Wuce ƙa'idar gudu maki 3 ne da Naira 3,000. Riƙe waya ana tuƙi maki 4 da Naira 4,000. Tuƙin ganganci maki 10 da Naira 50,000. Lodin da ya wuce kima maki 10 da Naira 10,000. Direbobi su kan dubi tarar kaɗai, su ce ai ba ta kai kuɗin buhu guda ba, su biya su wuce. Makin ne ba su dubawa, shi kuwa ba ya biyuwa da kuɗi, taruwa ya ke yi bisa sunan mutum. Tsarin da hukumar ta bayyana shi ne, daga maki 10 a yi gargaɗi, daga 15 a dakatar da lasin, daga 21 a janye shi. Mai karatu ya lissafa da kansa: lodi biyu da aka kama maki 20 ke nan. Gaskiya ne ba kullum a ke bin wannan tsari sau da ƙafa ba, kowa ya san yadda waɗansu al'amura ke ƙarewa a bakin titi. Amma tsarin yana nan a rubuce, wanda ya dogara ga cewa ba za a taɓa karanta shi ba ya jingina abincinsa ga sa'a.

In kuwa aka yi haɗari har aka rasa rai, magana ta bar bakin titi ta koma kotu. Dokar nan ta 2007 ta yanka ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda tuƙin gangancinsa ya kashe mutum, alƙali kuma yana da ikon hana mutum riƙe lasin har wani lokaci.

Gidan direba

Direbobi da yawa ba su ne masu motocin ba. Mai mota ba zai ajiye ta cikin kaka yana kallo ba, ranar nan zai miƙa makulli ga wani. Shi direba kuwa ba mai albashin wata ba ne, abin da ya samo yau shi a ke cefane da shi gobe. Cikin mako guda sai a fara auna abin da ke rumbu a kai kasuwa, a daidai lokacin da hatsi ya fi araha. Zubin adashi ya tsaya. In motar ta bashi ce, ko Keke Napep da a ke biya sannu-sannu, mai bashi ba ruwansa da abin da ya faru a titi, ranar biya ita ce ranar biya. Yaron mota da 'yan lodin da ke ci ta gefensa su ma su watse. Mutumin da jiya a ke kira oga a tasha, yau sai ya koma kiran fasinja don a ba shi na kamasho, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga magidanci a garinsu.

Kada a manta direban nan shi ma manomi ne. Kuɗin mota su ke saya masa taki, su ke biyan 'yan ƙwadago. In ya zauna wata uku ba tuƙi, gonarsa ta baɗi ita ma ta ji a jikinta. Ga shi kuma katin shaida ne da banki ke karɓa, wanda ba shi da wata shaidar sai ya ga ƙofofi biyu sun rufe masa lokaci guda.

Daga nan ne shawara marar kyau ta kan zo. A ce masa, ai a ƙauye wa ke tambayar lasin? Wannan gaskiya ne, babu mai tambaya tsakanin gona da gari. Amma kuɗin haya ba a nan su ke ba, suna kan kwalta, hanyar Funtuwa zuwa Zariya, da ta Malumfashi zuwa Kano, da ta Gusau, inda jami'ai su ke. To, sai marar lasin ya koma tafiyar dare, ko ya riƙa ratsawa ta hanyoyin daji don ya kauce wa shinge. A wata ƙasa wannan wauta ce kawai. A ƙasar da ta yi iyaka da dazukan Zamfara da na Birnin Gwari, cikin shekarun nan na fitinar 'yan bindiga, mutum ya sa ransa, da na fasinja, da dukiyar mutane cikin haɗari ke nan, don gudun tarar da ba ta kai kuɗin taya guda ba.

Abin da ke samun manomi da ɗan kasuwa

A nan ne ƙasashen nan uku su ka bambanta da birni. A Kano in direba ya sauka, goma na tsaye suna jiran makulli. A ƙauyukan Sabuwa da Faskari kuwa ba kowane direba ke yarda ya shiga ba. Wanda ke shiga ɗan ƙasa ne, ya san mashigin da ke cin mota cikin Agusta, ya san sa'ar da a ke wucewa da wadda ba a wucewa, ya san wanda zai buga wa waya kafin ya taso. Irin wannan ba a samun madadinsa da kuɗi cikin kwana ɗaya. Baƙon direba ko ya ƙi zuwa, ko ya yanka kuɗin da zai cinye ribar. Ƙauyen da ke da irin mutanen nan biyu, in ɗaya ya rasa lasin, rabin hanyarsa ta kasuwa ce ta toshe.

Aikin gona kuwa ba ya jira. Masara tana son takinta na farko cikin mako biyu da shuka, na biyu kuma, watau yuriya, wajen mako biyar zuwa shida. Takin da ya kwana a Funtuwa don ba mai kawo shi, ya iso bayan masara ta fid da kai, an biya kuɗinsa amma an rasa yawancin amfaninsa. Haka huɗar tarakta a farkon damina: in mai tuƙa ta ya sami matsala, gonaki da yawa su ke makara tare. Da kaka kuma, masarar da aka tara a gona tana jiran mota ga ɓeraye, ga ƙwari, ga ruwan ƙarshe da ke sa ta fumfuna, ga ɓarayi. Tumatir da ɗanyen barkono na masu noman rani ba su ba da ko kwana uku. Manomin da ya rasa mota ba shi da bakin ciniki, duk wanda ya iso gare shi da abin hawa shi ke faɗin farashi.

Ɗan kasuwa nasa ciwon daban ne. Sau da yawa jarin da ke hannunsa na mutane ne, ya kuma yi alkawarin kai kaya ranar kaza. In aka tsare mota a hanya saboda katin direba, kayansa ne ke kwana a ofis, ko da ya ke shi ba laifin da ya yi. Kasuwar mako in ta wuce sai wani mako, farashi kuwa ba ya tsayawa jiransa. In haɗari ya auku aka tarar direba ba shi da lasin da ya dace, kamfanin inshora yana da hujjar ƙin biya.

Ma'aikata ma ba su tsira ba. Malamin gona, da malamin allurar dabbobi, da mai raba iri, duk a kan babur su ke aiki, lasin aji A ya hau kansu kamar yadda ya hau kan ɗan acaɓa. Direban ofis kuwa katin nan shi ne sharaɗin aikinsa. Sa'an nan motar da ke kai buhu kasuwa ita ce dai ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, ita ke ɗaukar 'yan biki da masu zuwa ta'aziyya.

Mutanen wannan yanki sun riga sun ɗanɗana abin da tsayar da taya ke jawowa, ko da ya ke ba ta hanyar lasin ba. Bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, da hare-haren da su ka biyo baya, Gwamna Aminu Bello Masari ya kafa dokar tsaro a ƙarshen Agusta 2021. Aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa. Aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa. Aka hana fita da shanu a mota zuwa wata jiha, aka hana sayar da fetur a jarka. Cikin Satumba kuma aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Don tsaro aka yi, daga baya kuma aka sassauta, ba nan ne wurin muhawara a kansa ba. Abin lura shi ne, dokar ta faɗo a bakin kaka. Direban shanu yana da mota, yana da lasin, amma ba shi da aiki. Mai injin ban ruwa da mai injin casa da ke nesa da gidan mai su ka rasa yadda za su kai fetur. Wanda ya ga wannan lokaci ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Rasa lasin shi ne wannan hali, sai dai a kan gida ɗaya da ƙauye ɗaya, ba kuma mai sanarwa a rediyo.

Laifin ba na direba kaɗai ba ne

Ga maganar da ba a so a ji. Lodin da ke cinye lasin direba, yawanci ba shi ke neman sa ba. Buhun masara kilo 100 a ke ƙaddara shi, watau buhu 10 tan guda. Motar da aka ƙera don tan 3, buhu 30 ne haƙƙinta. Amma tun da kuɗin mota bisa buhu a ke biya, ba bisa nauyi ba, sai mai kaya ya danƙara buhu har ya ƙara masa baki. In mota ta cika, sai a zo da magiya: saura biyar kawai, don Allah, don zumunci. A ɗora biyar ɗin, sa'an nan masu kayan su hau bisa su zauna. Direba ɗan gari ne, mai roƙon surukinsa ne ko maƙwabcinsa, kunya ta hana shi cewa a'a. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, man dizal kuwa da ma ya riga shi tsada, kowa na so a haɗe tafiya biyu cikin ɗaya. Ana iya gane dalilin. Amma ran da aka kama motar, makin ba a raba shi tsakanin masu buhu, sunan mutum ɗaya a ke rubutawa.

Haka kuma gaggawa. Mai kaya ya makara wajen ɗinkin buhu, sa'an nan ya zauna gaba yana cewa a taka don kada kasuwa ta tashi. Mai mota ya ce a yi sawu uku a yini. Direban da bai yi barci ba sai ya nemi abin da zai buɗe masa ido, daga goro da shayi a zarce zuwa ƙwaya irin su tiramol. Wannan hanya ƙarshenta rami ne ko kotu.

Manomin da ya rage Naira ɗari biyu a kan buhu ta wajen tilasta lodi, in ya jawo ƙauyensu ya rasa direba cikin Nuwamba, zai biya abin da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Ƙungiyar manoma ta ƙauye tana iya haɗa kayan mutane tun daren kasuwa, a san yawan buhu, a raba shi sawu biyu in ya cancanta, a kuma daidaita kuɗin yadda sawu biyun zai biya direba. In ƙungiya tana da tarakta ko mota, kada ta dogara ga mutum ɗaya. A zaɓi saurayi mai hankali a kai shi makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, gama ta nan a ke bi a sami lasin farko, mai tarakta kuma a nema masa aji F. Ɗan kasuwa kafin ya ɗora dukiyarsa ya nemi ganin kati, ya dubi abu biyu, harafin aji da ranar ƙarewa. Ba cin fuska ba ne, wanda zai sayi sa ma ya kan buɗe bakinsa ya duba haƙora. Manomi kuma ya busar da masararsa sosai, ya ajiye buhu bisa katako ba bisa ƙasa ba, don in mota ta yi jinkirin mako biyu kada ya zama tilas ya karyar.

Shi direba, in katin ɓata ya yi, kada ya nemi na bayan fage. Ya sami takardar 'yan sanda da ta rantsuwa a kotu, ya kai ofis a sake buga masa, tun da sunansa na cikin kwamfuta. Wanda ya sabunta, in an ba shi takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito, ita ma tana da ranar ƙarewa, sai a riƙa duba ta. Dattijon da ya fara ganin hazo-hazo, ko fitilar mota ta riƙa kashe masa ido da dare, ya je a duba shi tun kafin ranar gwaji, gama yana aikinta ƙarami ne, ana yinsa a asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna da waɗansu asibitoci a Kano da Katsina.

Sabuwar masara ta kan fara shiga kasuwa cikin Satumba, lodi kuma ba ya sauka sai an kwashe dawa da auduga wajen Janairu. Duk direban da wa'adin katinsa zai cika tsakanin waɗannan watanni, Agusta ne lokacin da zai tara kuɗin, ya je ofis ya ji ranar da za a karɓi sabuntawarsa, sa'ad da hanyoyin ƙauye ke cike da taɓo, mota ma ba ta da aiki sosai.